Dogaye biyu ko dogo ɗaya da masu sauri huɗu?

Ɗan'uwa daga Agege, ka tambaya: idan koci zai zaɓi mutum biyar da za su fara wasa a ƙungiyar ƙwararru ta ƙwallon kwando, ya jera dogaye biyu a gindin kwando, ko ya rage tsayi ya zuba masu gudu da jifa daga nesa? Amsar tana cikin tarihin ɗan Legas ɗin nan, Hakeem Olajuwon, domin duka biyun ya buga su a Houston Rockets, ƙungiya a gasar NBA ta Amurka.

A 1984 an haɗa shi da Ralph Sampson, mai ƙafa 7 da inci 4. Duk wanda ya kutso gindin kwando sai ya tarar da hannaye huɗu a samansa, ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo kuma tasu ce. Da haka suka fitar da Lakers a 1986, Boston ce ta taka musu birki a zagayen ƙarshe. Illar dogaye biyu cunkoso ne: mai ɗauke da ƙwallo ya nufo kwando, sai ya iske abokin wasansa tsaye a hanya tare da mai gadinsa. In an ƙwace ƙwallo kuwa, kafin su juyo an riga su isa gida.

A 1995 Houston ta bayar da Otis Thorpe ta karɓo Clyde Drexler, aka kewaye Hakeem da masu jifan maki uku irin su Robert Horry da Kenny Smith. Ka bar shi da mai gadi ɗaya, ya wujijjiga shi. Ka turo na biyu, ya miƙa wa wanda aka sake a waje. A zagayen ƙarshe na shekarar, Orlando ko wasa ɗaya ba ta ci Houston ba a cikin huɗu.

Golden State ta ƙara gaba a 2015. A zagayen ƙarshe Cleveland na gabanta da 2-1, sai kocinta Steve Kerr ya zaunar da dogonsa Andrew Bogut a benci ya fara da Andre Iguodala, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, suka cinye ukun da suka biyo baya. Sai dai masu kwaikwayon wannan sukan manta da ɗan wasanta Draymond Green, wanda ke iya riƙe wanda ya fi shi tsayi. Ba ka da irinsa, ba ka da masu saiti, to gajeru kawai ka tara.

Ni dai dogo ɗaya na zaɓa, na biyun ya jira a benci. Dalilina dokar FIBA ce, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da muke bi a nan, ko a ɗakin wasa na Surulere: minti 40 ne ba 48 na NBA ba, keta biyar ake fitar da mutum ba shida ba. Dogayenka biyu su fara tare, kowa ya kwashi keta biyu a kwata na farko, wa zai tsare maka kwando? In ka raba musu lokaci, wannan ya fito wancan ya shiga, kullum akwai tsayi a fili. Ka haɗa su na ƴan mintuna kawai, lokacin da abokan karawa suka fara kwashe ƙwallon da ta dawo daga kwando.