Injin Cika Harsashi: Lissafin da Ya Kamata Mai Jari a Katsina Ya Yi Kafin Ya Taɓa Aljihu

Sana'ata shigo da injina ce da kafa su: injin niƙa, na matse gyaɗa, na ɗura ruwan leda. Wata Laraba bayan la'asar ina zaune a shago wajen Ƙofar Ƙaura sai ga wani dattijo, tsohon abokin cinikina, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani inji a Amurka, yana ta sassarfa shi kaɗai, harsasai na zubowa cikin bokiti kamar ana sussukar masara. Ya ce, "Injiniya, duba mini kuɗin wannan. Yaranmu masu tsaron gari kullum kukansu rashin harsashi. In na kafa shi na taimaki jama'a, na kuma samu na cefane."

Na san ba da wata mugunta ya zo ba. Danginsa na yankin Batsari, kuma ya yi zaman makoki fiye da sau ɗaya. Shi ya sa ban tsaya kan cewa a'a kawai ba. Yamma biyu muka yi muna lissafi, kuma tunda daga baya wasu mutum biyu sun zo da irin tambayar, na ga ya dace in rubuta.

Abu na farko da bidiyon ba ya nunawa shi ne injin ba ƙera harsashi yake yi ba, harhaɗa shi yake yi. Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, albarushi, kan da ke fita ya tafi, da ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso mai tayar da wuta. Kowanne da masana'antarsa daban. Aikin injin ya jera kwanso, ya dasa ƙyastun, ya auna albarushi, ya ɗora kai ya matse. In ɗaya cikin huɗun ya yanke, injin ya zama ƙarfen ado. Kamar mutum ne ya sayi keken ɗinki a garin da ba yadi ba zare.

Injinan hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne na hannu mai aiki ɗaya, irin na kamfanonin Lee da RCBS, wanda mafarautan Amurka ke ɗaurawa a kan teburi a gida. Kuɗinsa bai kai dala 500 ba, amma mutum zai wuni bai tara abin kirki ba, don sai ya bi kowane kwanso sau da yawa yana sauya kayan aiki. Wannan na sha'awa ne, ba na kasuwa ba, ba sai mun daɗe a kansa ba.

Sama da shi akwai mai faranti mai juyawa, wanda kowane jan hannu ke fitar da harsashi guda. Kamfanin Dillon da ke jihar Arizona ne ya yi suna a nan. Manyan samfuransa, irin su RL1100, sun haura dala 2,000 tun kafin a ƙara musu sauran kayan aiki, kuma ƙarin nan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mutum mai ƙwazo zai iya fitar da ɗaruruwa a awa, sai dai kafaɗarsa ce injin.

Hawa na uku shi ne wanda Alhaji ya gani a waya: an cire hannun mutum an sa mota mai lantarki, da allon kwamfuta, da na'urorin da ke tsayar da aiki in sun ga kwanso babu albarushi ko ƙyastun ya zauna a karkace. Mark 7 ne sanannen suna a wannan aji, kuma babban injinsu mai suna Revolution ana tallata shi da cewa yana kai harsashi 3,500 a awa. Kafin a haɗa shi tsaf sai an yi maganar dala 10,000 zuwa sama. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 dala ta haura naira 1,000, don haka ko a lissafi mafi sauƙi ana maganar fiye da naira miliyan 10 ne, ba a sa kuɗin jirgi ba. Ra'ayina game da wannan aji, a matsayina na mai gyaran inji, shi ne yana da ruɗi. Asalinsa tsarin injin teburi ne aka yi wa ƙarfi. Ƙananan sassansa suna cinyewa, kuma adadin da ake tallatawa na awar da komai ya tafi daidai ne. A aikin gaske ana tsayawa a ƙara kaya, a cire kwanson da ya maƙale, a sake saiti. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan injin ruwan leda ya san tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a takarda da abin da ake ƙirgawa da magariba.

Daga nan sai injinan kasuwanci na sosai, irin na Camdex a Michigan da Ammoload a Idaho. Ƙarfe ne mai nauyi da aka gina don ya yi aiki safe da yamma shekara da shekaru, kuɗinsa kuwa gomman dubban daloli ne kowane guda. Galibi ana saita inji ɗaya ga nau'in harsashi ɗaya, sauya shi kuma aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa masu wannan sana'a kan jera injina da yawa. Can ƙoli kuma akwai cikakkun layukan masana'anta na Turai, irin na Manurhin a Faransa da New Lachaussée a Beljiyam, waɗanda ke farawa tun daga ƙera kwanson tagulla. Abokan cinikinsu gwamnatoci ne da manyan kamfanoni.

Da za a tambaye ni wanne ya fi dacewa da mai lasisi a ƙasar da doka ta yarda, zan ce in da gaske kasuwanci zai yi, ya wuce aji na uku ya tara kuɗin na huɗu. Araha ba ta ado. Amma ko a can, injin shi ne ƙaramin kaso na jarin. Ribar kowane harsashi siririya ce, don yawancin kuɗin yana tafiya ne a kayan haɗi, manyan kamfanoni kuma suna sayen nasu da arahar da ƙarami ba zai samu ba. A Amurka sai mutum ya riƙe lasisin tarayya na ƙera harsashi, ya biya harajin kashi 11 cikin ɗari a kan abin da ya sayar, ya kuma ɗauki inshora mai tsada. Dalilin inshorar a fili yake. Kwanso ɗaya da aka zuba wa albarushi sau biyu yana iya fasa bindiga a fuskar mai ita. Wanda bai samu albarushi ba kuma kansa kan tsaya a cikin bututu, na bayansa ya zo ya tarar da shi. Inji mai fitar da dubbai a awa, in saitinsa ya goce na minti goma, ya cika bokiti da haɗari. A shekarun 2020 da 2021 kuma, lokacin annobar korona, ƙyastun gindin kwanso ya yi ƙaranci a Amurkar kanta, ƙananan masu sana'ar suka zauna suna kallon injinan da suka ciwo bashi a kansu.

To, a ɗauko wannan injin a kawo shi Katsina. Yawancin injinan Amurka an gina su ne kan wutar can, mai ƙarfin volt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa volt 230 ce da bugu 50. Wutar KEDCO mun san halinta, ta zo ta koma ba sallama, allon kwamfuta kuma ba ya jure haka. Sai janareta da na'urar daidaita wuta, ga kuɗin mai. Sai hunturu ya shigo. Ƙurar da ke shiga cikin kwanon abinci a rufe ba za ta bar ma'aunin albarushi ba. Bushewar iskar nan da ke sa mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta fizge shi, ita ce babbar abokiyar gabar ɗakin da ke da albarushi. Bazara ta zo zafi ya wuce digiri 40, ma'ajiya na bukatar sanyi da nisa daga gidajen mutane. Ɗan ƙaramin sashe ya karye kuwa, babu shi a Katsina, babu shi a Kano. Na taɓa jiran wani ɗan ƙarfe na injin ɗura mai har mako bakwai, shi da ba wanda ya hana shigo da shi.

Duk wannan lissafin na yi wa Alhaji ne don ya ga ban raina tambayarsa ba. Ainihin maganar ita ce ƙofar a rufe take. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta hana kowa ƙera bindiga ko harsashi ko harhaɗa su, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa don sojoji da amincewar Shugaban Ƙasa. Ɗan sassaucin da ke cikinta ya shafi gyara da kuma bindigogin ɗuri irin na maharbanmu, shi ma da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Lasisin riƙe bindigar farauta ba lasisin cika harsashi ba ne. Kayan da suka shafi tsaro ba sa shigowa sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Akwai yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da harsasai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006. Amurka ma ba ta barin irin wannan inji ya fita sai da izinin gwamnatinta. Albarushi kuma yana da nasa dokokin.

Saboda haka duk wanda ya rubuto maka a Facebook ko WhatsApp cewa zai kawo maka injin har gida, a rubuta "kayan gyara" a takardar kwastan, ɗayan biyu ne. Ko ɗan damfara ne da zai karɓi kafin alƙalami ya ɓace, ya kuma san ba ka da bakin kai ƙara, ko kuwa mai fasa-ƙwauri ne da zai ja ka cikin ramin da ya haƙa. A watan Janairun 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a Legas cikin kwantenar da aka ce ƙofofin ƙarfe ne a ciki, kuma maganar ta ƙare a kotu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Hanyar halak tana nan, amma ba ta mai shago ba ce. Hukumar ƙera kayan yaƙi ta ƙasa, DICON, tana Kaduna tun 1964, kuma kamfanin Fritz Werner na Jamus ne ya kafa mata masana'antar farko. A watan Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokarta, wadda ta faɗaɗa damar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Mai sha'awar wannan fage da gaske nan zai dosa, da kamfani mai rajista, da lauyoyi, da jari mai kauri, ya yarda a bincike shi ciki da bai, ya kuma san cewa abokin cinikinsa gwamnati ce kaɗai. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 ma ta hannun hukuma kayan aikinsu ke zuwa. In suna da ƙaranci, wurin kai kuka shi ne gwamnati da 'yan majalisarmu, kuma ya kamata a kai shi da babbar murya.

Ni ko da doka ta yi shiru ba zan kafa wa kowa wannan inji a jihar nan ba. Harsashi ba ya ɗauke da sunan wanda aka yi shi dominsa. Bindiga takan yi shekaru a hannu, amma harsashi ne abincinta, kuma masu kai mana hari daga dajin Rugu kullum nemansa suke, da kuɗi a hannu. Inji mai zubar da dubbai a awa a bayan wani gida, labarinsa ba zai kwana bakwai bai isa daji ba. Mai gadi ɗaya da aka tsorata, ko yaron shago ɗaya da aka yi wa tayi, ya isa. Mutanen Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Faskari da Sabuwa sun ga abin da ya ishe su. Iyayen ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disamban 2020 ba su manta daren nan ba. Na gaya wa Alhaji cewa abin da yake son ya kare danginsa da shi na iya komawa kansu, shi kuma ya wayi gari gidansa ne abin hari. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Injiniya, ban hango ta nan ba."

Da muka koma kan kuɗin, sai na nuna masa cewa aikin da ya burge shi a bidiyon, wato inji ya auna, ya zuba, ya rufe shi kaɗai, shi ne dai aikin injin ɗura gari da na ɗura mai. Da abin da bai kai kuɗin injin aji na uku ba zai kafa injin matse gyaɗa da na ɗura man a gora, ko na ƙulla garin kunu da yaji a leda. Kayan haɗinsa na kasuwar Charanchi da Mai'aduwa, kayan gyara na Kano, masu gyaran muna nan, takardar da zai nema kuma ta NAFDAC ce. A makon jiya muka je muka auna filinsa da ke hanyar Daura. Ɗaki biyu zai fara da su, da rijiyar burtsatse, kuma ya ce ma'aikata shida na farko daga cikin 'yan gudun hijirar ƙauyensu zai ɗauko su.