Fim ɗin namun daji don iyali: wanne ya dace da yaranka?

Hoton da ke jikin fim ba ya faɗa maka komai. Yaro rungume da zaki, rana na faɗuwa a bayansu, kusan duk haka suke. Abin dubawa kafin ka saya ko ka biya kuɗin kallo shi ne wane irin baƙin ciki ke ciki, kuma me fim ɗin ke koya wa yaro game da naman daji.

Ga ƙananan yara, Born Free na 1966 ya fi sauƙi. Labarin gaskiya ne na George da Joy Adamson a Kenya, waɗanda suka raini zakanya Elsa tun tana jinjira, daga baya suka sha wahalar koya mata farauta don ta koma daji. Tafiyarsa a hankali take, yaron da ya saba da katun zai iya fara mutsu-mutsu. Amma ya nuna abin da sauran ke tsallakewa: dabbar da ta saba a miƙa mata nama ba ta iya ciyar da kanta, sai ka ga Elsa ta dawo a rame da raunuka.

Mia and the White Lion na 2018 ya fi ɗaukar ido, nan kuma ake bukatar taka-tsantsan. Labarin wata yarinya ce, Mia, da farin zakin da ta shaƙu da shi. Zakin na gaske ne, ba aikin kwamfuta ba. An kwashe kusan shekara 3 ana ɗauka don yarinyar da zakin su girma tare. Labarin ya tona wata sana'a a Afirka ta Kudu, inda ake kiwon zakuna a killace a sayar wa mafarauta su harbe a cikin shinge, kuma ana nuna harbin. Mai wannan cinikin a fim ɗin mahaifin yarinyar ne, don haka ka shirya amsa tambayoyi. Abin da bai kwanta mini ba shi ne yawan wasa da runguma da ƙaton zaki. Dole babba ya faɗa wa yara cewa ƙwararru ne ke tsaye a bayan kyamara. Ni dai sai yaro ya kai shekara 10 zan kunna masa.

Idan dabbobin kansu kake so a gani, ba 'yan wasa ba, The Elephant Queen ne zaɓi, wanda tashar kallon fina-finai ta intanet Apple TV+ ta fitar a 2019. Uwar garken giwaye ce ke jan iyalinta neman ruwa lokacin fari a Kenya. Akwai ban dariya da kwaɗi da buzuzu, amma wata 'yar giwa ta mutu da yunwa a gaban uwarta, kuma yara suna gane cewa wannan ba shiri ba ne.

Fly Away Home na 1996, na yarinyar da ta jagoranci tsuntsaye da ƙaramin jirgi daga Kanada zuwa Amurka, yana da daɗi, sai dai da haɗarin motar da ya kashe mahaifiyarta aka buɗe shi. Gidan da aka yi rashi kwanan nan a jinkirta shi.

Ko wanne ka ɗauka, fara haya ko kallo ta intanet kafin sayen faifai, ka kuma duba ko akwai fassara a rubuce a ƙasa. The Elephant Queen ne ya fi sauƙin bi ga yaron da bai ji Turanci sosai ba.