Tsakanin rubutun Gwaggo da na Malam, ga amsarki ƙanwata

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata da kika yi tambaya shekaranjiya ki yi haƙuri sai yanzu na samu zama, yara sun kwanta kuma an kawo wuta na ɗan yi caji. Tambayarki dai ita ce a cikin mutum biyun nan da nake yawan turo rubutunsu, wato Gwaggo da Malam, wanne ya fi, kuma in mutum ba shi da lokaci ko data ɗin bin su duka wanne zai riƙe. Har kika ce kin lura in na turo na Malam ba na cewa komai, amma in na Gwaggo ne sai na haɗa da addu'a. Gaskiya kin lura daidai.

Ga waɗanda ba su sani ba, dukansu 'yan Kaduna ne kuma ban taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Malam yana rubutu ne a kan al'amuran yau da kullum, siyasa, kuɗi, kasafi, tsaro. Gwaggo kuma tsohuwar malamar firamare ce da ta tashi a Kakuri, rayuwarta kawai take rubutawa, gidansu, maƙwabta, kasuwa, abin da ta dafa, wanda ya rasu, wanda ya haihu. Mu masu karanta ta ne muka sa mata Gwaggo. Ita na fara karantawa tun 2016, shekarar da jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki, shi kuma sai bayan kamar shekara biyu.

Bari in fara ba Malam haƙƙinsa dan kar a ce son kai. In abu ya faru da safe to kafin la'asar ya yi bayani, kuma ba bayanin shaci-faɗi ba, zai kawo lamba ya kawo kwanan wata ya faɗi inda ya samo. Lokacin canjin kuɗi shi ya riƙe ni wallahi. Kun tuna dai yadda aka yi, Babban Banki ya sake fasalin 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adi ƙarshen Janairun 2023 aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, gari ya rikice, ka je wajen mai POS ka sayi kuɗinka da kuɗinka, a Kasuwar Barci mai tumatir ya ce ba ya karɓar tsoho kai kuma ba ka da sabo. Malam ne ya zauna ya warware mana cewa jiharmu da Kogi da Zamfara sun kai ƙara Kotun Ƙoli, ya bi shari'ar daki-daki har ranar 3 ga Maris da kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi zuwa ƙarshen shekara. Ina da 'yan kuɗin adashi tsofaffi a lokacin, wani ya so in ba shi a kan ragi mai yawa wai ai sun kusa zama takarda, bayanin Malam ne ya sa na ƙi. Kinga wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma Gwaggo ba za ta iya min shi ba. Wani halinsa da nake girmamawa kuma, in ya yi kuskure a lissafi yana dawowa ya ce na yi kuskure ga daidai, abin da da yawa ba sa yi.

To amma ki duba abu ɗaya da su biyun suka rubuta a kai ki ga bambanci. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Malam a daren ya yi rubutu, me ake nufi da tallafi, wa ke biya, me zai biyo baya a kuɗin mota da na abinci, kuma abin da ya hango ya faru. Gwaggo shiru, sai da aka yi wajen sati uku sannan ta rubuta, kuma ko kalmar tallafi babu a ciki. Labarin yayarta ta bayar da ke zaune a Rigasa, wadda ta saba zuwa gaishewa duk Juma'a ta kai mata ɗan dambu ko alala a kula, ta ce ranar ta zauna ta ƙirga kuɗin Keke daga Kakuri zuwa cikin gari, daga nan zuwa Rigasa, da dawowa, sai ta ga kuɗin ya fi abin da ke cikin kular, ta mayar da mayafinta ta ninke ta kira ta a waya. Ta ce yayar ba ta yi ƙorafi ba, cewa kawai ta yi ta riga ta shimfiɗa tabarma. Ni a nan na ajiye waya na yi kuka, dan nima a satin na fasa zuwa Zariya wajen Inna kuma ban faɗa wa kowa dalili ba.

Haka ma harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Malam ya yi ta bibiyar maganar watanni, halin da waɗanda aka sace ke ciki da abin da hukuma ta ce da abin da ba ta ce ba, kuma ya kyauta dan bai bari an manta ba. Ita kuma Gwaggo da ta tashi sai ta rubuta a kan masu abinci da masu shayi da 'yan Keke na bakin tashar Rigasa, waɗanda cinikinsu ya tsaya cak tun daga ranar har zuwa Disamba da jirgi ya dawo, wata takwas da 'yan kai. Ta ba da labarin wata mai waina da ta koma sayarwa a ƙofar gida tanda ɗaya maimakon uku. Ni har ga Allah ban taɓa tunanin mutanen nan ba sai da ta nuna min su.

Wajen harshe ma ba ɗaya ba ne. Malam ɗan boko ne sosai, in magana ta yi zafi sai Turanci ya yi ta shigowa, wani lokaci jimla guda rabi Hausa rabi Turanci, in na karanta wa Inna sai na tsaya ina fassarawa. Gwaggo kuwa Hausarta irin ta tsakar gida ce, ba ta ƙawa ba ta neman burgewa, amma za ki ji kalmar da rabonki da ita tun kakarki na da rai. A wajenta na sake jin ana cewa taskira da faifai da maburgi da tukunyar ƙasa, kuma ba ta kawo su dan ado ba, da su take aiki har yau. Babanmu Allah ya jiƙansa yana da tarin tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo a cikin akwatin ƙarfe, jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya tun 1939, yakan ce Hausar ciki kamar mutum na zaune kusa da kai yana maka magana. Ban gane me yake nufi ba sai a rubutun matar nan.

Inda ta gama da ni gaba ɗaya shi ne rubutunta a kan masaƙu. Ku yaran yanzu kun tarar da Kakuri a haka, gine-gine sun tsufa ciyawa ta cinye harabar, amma tun 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, zamanin Sardauna, daga baya ga masaƙar UNTL ga Arewa Textiles da sauransu, dubban mutane ke ci daga nan, Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Tibi da Ibo layi ɗaya. KTL ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya taɓa rubutu a kai, ya lissafo dalilai, rashin wuta, tsadar baƙin mai, atamfar waje da ake shigowa da ita ta bayan fage, noman auduga da ya ja baya, kuma duk gaskiya ne na ƙaru. Gwaggo kuma babanta ma'aikacin ɗaya daga cikin masaƙun ne, sai ta rubuta yadda jiniyar canjin aiki ke tashi unguwa duka ta san ƙarfe nawa ba sai an duba agogo ba, yadda kekuna ke cika titi kamar an buɗe dam, yadda baban ke dawowa da farin gashin auduga a gira da gemu ita kuma tana 'yar shekara bakwai aikinta ne ta tsince masa yana shan ruwa a moɗa. Ta ce bayan an rufe wajen ya fi shekara yana tashi da asuba ya goge kekensa ya jingine a zaure, ba inda za shi. Ya rasu bai karɓi haƙƙinsa na sallama ba.

Abin da ya sa wannan ya taɓa ni, Babanmu ma ya yi aikin masaƙa kafin a haife ni, kuma har ya bar duniya ban taɓa zama na tambaye shi ya aikin yake ba. Washegarin da na karanta na kira Inna na ce ta ba ni labari, muka fi awa a waya, ta faɗa min abubuwan da ban taɓa ji ba, har da cewa zanen da aka goye ni da shi daga albashinsa na ƙarshe a wajen ya saya ya ajiye tun kafin a samu cikina. Zanen na nan a ƙasan adakarta. Da ba dan rubutun wata mata da ba ta san ina duniya ba da har yau ban sani ba.

Sai kuma lokacin kulle na korona a 2020, da aka hana fita a Kaduna tun ƙarshen Maris har azumi ya shigo a ciki. Ni a lokacin ina jego na biyu, hanya a rufe Inna ba ta iya zuwa ba, ba mai dafa min ruwan wanka ba mai dama min kunun kanwa, maigida ne ke ta fama iya yinsa. A watannin nan Gwaggo kusan kullum sai ta rubuta wani abu, yau yadda ta raba mudu ɗaya na wake ya kai kwana huɗu, gobe yadda suke miƙa wa maƙwabciya garwashi ta saman katanga, jibi labarin jegonta na fari da kakarta ta yi mata da ganyen darbejiya. Da daddare in jariri ya hana ni barci ita nake karantawa, sai in ji kamar akwai babba a ɗakin. Malam ma yana rubutu lokacin, adadin masu cutar da dokokin da aka sa da ranar da za a buɗe kasuwa a sayi abinci, ina dubawa da safe dan in san halin da ake ciki, amma ban taɓa neman sa da tsakar dare ba.

Kar ki ɗauka ba ta da nata, an ce so hana ganin laifi amma ni ina gani. Ba ta da tsari ko kaɗan, sai ta yi wata guda ba ki ji ɗuriyarta ba sannan ta sako uku rana ɗaya. Tana da tsawaitawa, za ta fara da maganar tsadar gawayi ki tsinci kanki a bikin ƙanwarta na shekara talatin baya. Shekaru ma sukan rikice mata, ta taɓa haɗa abubuwa biyu da tsakaninsu ya kai shekara biyar ta ce lokaci ɗaya ne, dan haka ba a kafa hujja da ita a kan kwanan wata. Kuma in ta juyo kan 'yan matan yanzu takan yi musu kuɗin goro, wannan kam ba na tare da ita, na san yara da yawa masu hankali da ke fama da karatu da sana'a lokaci ɗaya. Shi kuma Malam matsalarsa in zaɓe ya matso sai ki ga inda ya karkata ƙarara ko da ya ce ba ya kowane ɓangare, ga zafi, wanda ya saɓa masa sai ya ji a jikinsa. Sannan rubutunsa kamar ƙosai ne da zafinsa ake ci, na satin da ya wuce ma in kika koma sai ki ga maganar ta wuce. Nata kuwa akwai waɗanda na kwafe na ajiye a waya tun 2017, na canza waya sau biyu ina tafe da su.

Dan haka in kin ce lallai sai ɗaya, ki duba me kike nema. Ke da kike shekarar ƙarshe a jami'ar jihar Kaduna, KASU, kuma kike son gane yadda ƙasa ke tafiya, kar ki saki Malam, minti biyar kin gama kuma kin ƙaru, sai dai ki riƙa haɗawa da labaran rediyo dan ki auna. Ni kam in aka ce in ajiye ɗaya Malam zan ajiye, zan ji babu daɗi amma labari zan same shi a wani wajen, irin nata ne ban san inda zan samu ba. Ki fara da na masaƙun nan zan turo miki ta waya anjima, ki karanta lokacin da ba hayaniya, in kin gama ki je ki zauna da mahaifiyarki ki tambaye ta unguwar da ta tashi.

Yau kwana ashirin da uku ke nan Gwaggo ba ta rubuta komai ba, kuma a na ƙarshen ta ambaci ciwon ƙafa da ke damunta har ba ta iya tsayuwar sallah sai a zaune. Dan Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, in kuma akwai na kusa da su a Kakuri a cikinmu ya taimaka ya leƙa ya faɗa mana ya jikin nata.