Wata huɗu da yarona ya yi a wani lesin na unguwarmu

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Kantin Kwari. Babban yarona yana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma burina ya ci jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jihar Kano, ko Dawakin Kudu ko Dawakin Tofa, waɗanda tun 1977 suke fitar mana da likitoci da injiniyoyi. Sai wata ranar Asabar na zaunar da shi a shago, na ce ya haɗa min yadi biyu da rabi da yadi ɗaya da kwata uku. Ya yi shiru yana murza biro har mai sayayya ya gaji ya faɗi amsar da kansa. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya kai ni wannan lesin ke nan. Soro ne da ɗaki ɗaya a wani tsohon gida, malamai biyu, yara goma sha biyar a kowane rukuni. Ana yi Alhamis da Juma'a bayan la'asar, sai Asabar da Lahadi da hantsi, saboda haka bai ci karo da Islamiyyar yarona ba. Wannan kaɗai ya sa na fara ganin mutuncinsu.

Ranar farko malamin lissafi bai karɓi kuɗina ba. Ya ba yaron takarda mai tambayoyi goma, ya duba, sannan ya ce min, "Alhaji, kada ranka ya ɓaci. Yaron nan yana da kai, amma tun aji huɗu na firamare aka bar shi a baya. Daga can za mu faro." Na ji nauyin maganar, amma gaskiya ce. Tun 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara kyauta kuma dole ga kowane yaro, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Yarona ya kusa cika taran nan cif, ana ta ciyar da shi gaba aji-aji, babu wanda ya tsaya ya ga ko ya iya sau bakwai. Ban ga laifin malaman makarantarsa ba, domin na leƙa ajin, wasu yaran a kan taga suke zaune. Wa zai iya duba littafin kowa a wannan taro?

A nan kuwa ana dubawa. Kowane littafi yana dawowa gida da jan biro, an zagaye daidai wurin da lissafin ya karkace. Na taɓa zuwa ɗaukarsa da wuri, na tarar malamin ya riƙe igiya, ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa, yana tambaya da Hausa, "Yanzu kashi nawa ta zama?" Sai da kowa ya taɓa igiyar ya ba da amsa, sannan ya juya ya rubuta abin da Turanci a allo, kamar yadda zai fito a jarrabawa. Wata yarinya ta yi kuskure, yara suka soma dariya, ya ɗaga hannu kawai suka yi tsit, ya miƙa mata alli ta sake. Ban ga bulala a ɗakin ba.

Ɓangaren Turanci bai kai wannan ba. Shi malamin Turancin, tsoffin takardun BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, yake ta bi da su, a zaɓi A ko B, alhali yarona har yanzu da ƙyar yake rubuta wasiƙa mai layi goma. Na yi masa magana, ya ce lokaci ya ƙure. Ban gamsu ba. Kimiyya ma a baki ake yin ta, ko ma'aunin zafi babu. Ɗakin yana da zafi sosai a watan Afrilu, fanka ɗaya ce, in an ɗauke wuta shi ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne bayan gida ɗaya ne ga maza da mata, yara masu tasowa. Wannan ya kamata su gyara da gaggawa.

Kuɗin wata bai kai ribar turmin atamfa biyu ba, kuma marayu uku suna zuwa kyauta.

Sakamakon jarrabawa bai fito ba tukuna. Amma makon jiya wata Hajiya ta sayi shadda yadi uku da kwata, kafin in ɗauko kalkuleta yaron ya faɗi kuɗin, kuma daidai ne. Ƙanwarsa za ta shiga aji ɗaya bana. Na gaya wa malamin zan kawo ta tun zangon farko, da zarar sun raba bayan gidan nan.