Ryzen 5 5600G a kan MSI B450 Tomahawk Max, bayan wata takwas ina aiki da su

Salamu alaikum jama'a. Wata takwas kenan da na haɗa kwamfutar nan da hannuna, yanzu dai ina ganin na isa in faɗi yadda na same ta, musamman shi madabod ɗin, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, don wallahi wahalar da na sha kafin ta kawo min hoto ba ƙarama ba ce kuma na san akwai masu shirin faɗawa ramin da na faɗa.

Ni aikina zane ne, katin biki, fasta, bana, sai ɗan editin na bidiyon walima ko kamu idan ya samu. Laftof ɗin da nake amfani da ita i5 ce ta ƙarni na 6, da zarar fayil ɗin CorelDraw ya ɗan yi nauyi sai fankarta ta hau ihu komai ya tsaya cak, kwastoma na zaune yana kallonka kana kallon sikirin. Ga Windows 11 ta ƙi hawa tunda a ɓangaren Intel daga ƙarni na 8 Microsoft suka fara lissafi, ga shi a lokacin an riga an sanar cewa 14 ga Oktoba 2025 za a daina kula da Windows 10. Shi ne na ce bari in tara kuɗi in haɗa destof kawai.

Kuɗina bai kai na girafik kad ba, shi ya sa na tsaya a kan furosesan AMD, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai suna Ryzen 5 5600G. Kwa (core) 6 gare shi, tired (thread) 12, wutar da yake ja wat 65, kuma babban abin shi ne wancan harafin G na ƙarshe, ma'anarsa yana da girafik a cikinsa, kana jona HDMI a bayan madabod zai ba ka hoto. Ku kula da wannan sosai don akwai 5600 zalla marar G, shi in ba ka sa masa kad ba ko ɗigon hoto ba za ka gani ba, haka ma na Intel masu F a ƙarshe irin su i3-12100F. Furosesan na saya sabo a kwali da fankarsa a ciki, madabod kuma na ce tokumbo zan nema don in rage kashe kuɗi.

To a nan matsalar ta fara. Na shiga wani shago, yaron shagon ya ɗauko min wani ƙaramin bod B450, na tambaye shi zai ɗauki 5600G kuwa? Ya ce haba oga AM4 ne fa, duk wani Ryzen hawa yake, ka je ka gwada. Na duba jikin soket ɗin, wato mazaunin furosesa a kan bod, na ga an rubuta AM4, na duba kwalin furosesa na ga AM4, sai hankalina ya kwanta na biya na taho.

Bayan isha'i na shimfiɗa kaya a kan tebur, na ɗaga ɗan ƙarfen soket, na daidaita alamar kusurwar nan mai ruwan gwal, furosesa ya zauna lafiya lau ba tare da na danna ba, na ɗaura fanka, na sa ram, na jona fawa fak. Na kunna. Fanka ta juya, sikirin baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Na canza wayar HDMI, na ɗauko talabijin ɗin falo na gwada, na cire ram na goge bakinsa da kilina irin ta 'yan makaranta na mayar, na cire batirin nan mai kama da kwabo na jira na mayar, duk a banza. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tunanin ko na lanƙwasa ƙafar furosesan, don na AM4 ƙafafun a jikinsa suke, siraran allurai guda 1331, haka na zauna da tocilan ɗin waya ina karkata shi ina bin layi-layi har idona ya fara ruwa. Babu wadda ta lanƙwashe. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, kuɗin da na yi watanni ina tarawa ne a kan teburin nan.

Wani abokina da ke gyaran kwamfuta ne ya warware min. Ya buɗe PCPartPicker a wayarsa, wani shafin intanet mai duba ko kayan kwamfuta za su dace da juna, ya zaɓi furosesana ya zaɓi bod ɗin, nan take gargaɗi ya fito cewa mai yiwuwa sai an sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, kafin su yi aiki tare. Daga nan ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, wurin da suke jera duk furosesan da yake ɗauka, kowanne an rubuta lambar BIOS ɗin da yake buƙata a gabansa. Na 5600G yana can ƙasa-ƙasa, sabo ne sosai a kan wanda ke cikin bod ɗina.

Ga yadda abin yake. Soket ɗin AM4 tun 2016 yake, B450 ya fito 2018, shi kuwa 5600G sai 2021. BIOS ɗin nan kamar maigadi ne da aka ba shi takardar sunayen mutanen gida, ƙofa dai ta ishi kowa wucewa amma wanda sunansa ba ya cikin takarda ba zai shiga ba, kuma yaron da aka haifa shekara uku bayan an rubuta takardar ta yaya sunansa zai kasance a ciki? Sai an kai wa maigadi sabuwar takarda. Matsalar kuma ita ce a yawancin ƙananan bod sai ka shiga cikin BIOS kafin ka sabunta shi, ba kuma za ka shiga ba sai da furosesan da ya riga ya sani, wato sai ka nemo aron tsohon Ryzen irin su 2200G ka ɗaura ka yi aikin ka cire ka mayar da naka. Na yi ta cigiya ban samu mai ba ni aro ba, kuma ban ga laifin kowa ba, wa zai kwance injinsa da yake neman abinci da shi.

Na koma shagon, aka ɗan yi ja-in-ja, wai kaya in ya fita ba ya dawowa, har sai da maigidan shagon ya zo na yi masa bayani a tsanake na ce Alhaji ni ba kuɗi nake so a mayar min ba, canji nake so. Ya yarda na yi ciko na ɗauki B450 Tomahawk Max, shi ma tokumbo. Dalili ɗaya ya sa na nace a kansa, wani ɗan ƙaramin maɓalli da ke bayansa kusa da ramukan USB, MSI suna kiransa Flash BIOS Button. Da shi za ka sabunta BIOS babu furosesa babu ram babu sikirin, wuta kawai da filash.

Da na ɗaura 5600G a kansa shi ma bai kawo hoto ba, amma wannan karon ban firgita ba, don yana da ƙananan fitilu huɗu a gefe, CPU, DRAM, VGA da BOOT, ta CPU ce ta kama ta tsaya, kenan bod ɗin da kansa yake nuna maka inda ciwon yake. Wannan fitilun kaɗai da na same su a bod ɗin farko da ban yi kwana biyu ina goge ram ba.

Yadda na yi shi ne, na sauke BIOS daga shafin MSI, kuma a nan sai an buɗe ido don akwai Tomahawk zalla, akwai Max, akwai Max II, kowanne da nasa fayil. Na yi wa filash fomat zuwa FAT32, na warware zif ɗin, na canza wa fayil ɗin suna ya koma MSI.ROM, na ajiye shi a fili ba a cikin wata folda ba. Na cire furosesa da ram, na bar wayar wuta babba mai fin 24 da ta furosesa mai fin 8, na soka filash a ramin da ke daf da maɓallin na danna. Jar fitila ta ɗan ƙifta sau kaɗan ta mutu. Ashe Windows ta ɓoye ƙarshen sunan fayil, abin da na rubuta bai zauna daidai ba, sai da na kunna nuna cikakken suna na gyara. Na sake gwadawa, ya sake ƙi. Filash ɗin babba ce sabuwa, na canza wata ita ma haka, ƙarshe wata tsohuwar filash mai 4GB da ta yi shekaru a cikin durowa murfinta ma ya ɓata ita ce ta yi aikin. Fitila ta hau ƙiftawa ba tsayawa.

Mintunan nan kamar biyar zuwa shida ban taɓa jin tsawonsu irin na ranar ba, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aikin BIOS ɗin na iya lalacewa. Shi ya sa tun farko ban yarda na yi a wutar layi ba, na kwashi bod da fawa fak na kai ɗakin maƙocina mai inbata da sola, muka zauna ni da shi muna kallon 'yar jar fitila kamar masu jiran sakamakon asibiti. Don Allah duk wanda zai yi wannan a ƙasar nan ya nemi inbata ko UPS, kar ya ce ai yanzu aka kawo wuta ba za su ɗauke ba. Da fitilar ta mutu na mayar da komai na kunna, tambarin MSI ya fito a sikirin, alhamdulillah kawai nake ta maimaitawa.

To bayan wata takwas fa? Gaskiya na ji daɗinsa. CorelDraw da Photoshop a buɗe tare ga burauza da shafuka rututu babu wani nishi, bidiyo mai 1080 yana tafiya sumul, sai dai in ka jibga masa ifet da yawa ko ka ɗauko 4K nan za ka san babu kad a ciki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ram. Da farko guda ɗaya na sa mai 8GB, da na ƙara ta biyu irinta na sa su a rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin bod ɗin ya ce, bambancin a fili yake, saboda girafik ɗin cikin furosesa ba shi da nasa ma'ajin, daga ram ɗinka yake ci, in guda biyu ne hanya ta zama biyu. Sannan ram ɗin an rubuta 3200 a jiki amma a ƙasa da haka ya tashi, sai da na shiga BIOS na kunna saitin gudun ram da ake kira A-XMP ya hau gudunsa na gaskiya, mutane da yawa suna biyan kuɗin 3200 suna amfani da ƙasa da haka ba su sani ba.

Zafi kuwa, na wuce da shi Maris da Afrilu na Kano a ɗaki mai fanka kawai, da 'yar fankar da ta zo a kwali, tana ƙara idan ana fitar da bidiyo amma bai taɓa kai digiri 95 ɗin da AMD suka sa a matsayin iyaka ba. Ƙurar hunturu ce abin tsoro, duk bayan 'yan makonni sai na buɗe na hure.

Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka saya, bod ɗin cikakken ATX ne, ƙaramin kes ba zai ɗauke shi ba, ni sai da na canza kes, wani kuɗin kenan da ban sa a lissafi ba. Ba shi da wayfay, sai ka sayi ɗan na USB. Ramin M.2, inda ake soka siririn SSD, ɗaya ne tak, kuma kana sa SSD a ciki biyu daga cikin ramukan SATA shida da ake jona hadis sun daina aiki, na 5 da na 6, don haka in hadis ɗinka ya ɓace kar ka ce ya mutu, canza masa rami. Gudun PCIe, hanyar da kad da SSD suke bi, kuma 3.0 ne, shi kansa 5600G iyakarsa kenan ko a kan B550 ka ɗaura shi, saboda haka sayen SSD mai tsada na PCIe 4.0 asarar kuɗi ce a wannan haɗin.

Masu son Intel kar ku ce kun tsira, naku tarkon ya fi muni a kasuwar tokumbo. Soket ɗin LGA1151 iri biyu ne da suna ɗaya, bod irin su H110 da B250 na ƙarni na 6 da na 7 ne, H310 da B360 na 8 da na 9, i5-8400 zai zauna daram a kan H110 amma ba zai tashi ba kuma babu sabuntawar kamfani da za ta gyara wannan. A LGA1700 kuma bod ɗaya na iya zuwa da nau'in DDR4 da nau'in DDR5, ramukan ba sa shiga juna, sai ka karanta cikakken sunan. AM5 na AMD shi DDR5 ne kawai, shi ya sa ma ban kalle shi ba.

PCPartPicker kyauta ne kuma ya cece ni, amma farashin da yake nunawa na shagunan waje ne, ba ruwansa da abin da za a ce maka a Beirut Road, kuma ba shi da hanyar sanin wane BIOS ne a cikin bod ɗin da ke hannun mai shago, iyakarsa ya ce maka a kula. Har sitikar da ake mannawa a kwali cewa bod ya shirya wa Ryzen 5000 ban cika sakin jiki da ita ba, tunda 5600X ya fito ƙarshen 2020 kafin 5600G, BIOS na iya sanin wancan bai san wannan ba, balle tokumbo da ko kwali ba ya zuwa da shi.

Da yau zan sake saye kuma B550 mai irin wannan maɓallin bai fi shi tsada sosai ba, shi zan ɗauka, Gigabyte suna kiran nasu Q-Flash Plus, ASUS kuma BIOS FlashBack. Amma a kuɗin da nake da shi lokacin ban yi nadamar Tomahawk Max ba ko kaɗan, kuma in Allah ya hore nan gaba zan iya sa masa kad in ɗaura 5700X ba tare da na taɓa bod ko ram ba.

Satin da ya wuce ƙanen abokina ya ce in raka shi shi ma zai haɗa tasa. Mun tafi da furosesansa da ram ɗinsa a jaka, muka buɗe jerin kamfanin a waya a gaban mai shago, na ce malam a ɗaura a nan a jona sikirin, in ya kawo hoto mu biya. Ya ɗan ɓata rai amma ya ɗaura. Bod na farko bai tashi ba, na biyu ya tashi, shi muka ɗauka.