Cire ribit daga roba: wane kayan aiki ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa kwance bambar mota ko murfin babur ya san inda gizo ke saƙar. Ribit, wato ɗan ƙusan nan da ake matsewa ya haɗa abu biyu, sau da yawa ƙarfe ne, abin da ya riƙe kuwa roba, kuma roba ba ta jure zafi. Wadda ake yin murfin babur da ita, ABS, tana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 105. Ta bamba, polypropylene, tana narkewa a wajen 160. Saboda haka tambayar da nake yi kafin sayen kowane kayan aiki ita ce: zai haifar da zafi ko ba zai haifar ba?

Giranda dai a manta da ita, kafin ta cinye kan ribit ta ƙona fenti. Guduma da kurfi aikin ƙarfe ne, a roba tsagewa za ka samu. Filaya mai yanka tana amfani idan hannunka na kaiwa bayan ribit ɗin, wanda ba kasafai ba.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ƙaramin diril mai batir, wanda gudunsa ke bin yadda ka danna shi. Mai bolt 12 ya wadatar. Ka duba yana da giya biyu, domin ta ƙasa, wadda ba ta wuce juyi 400 ko makamancin haka a minti, ita ce ta wannan aiki. Da fari ka tura tsinken ƙarfen da ke tsakiyar ribit ɗin ciki da siririn ƙusa, ka manna salatif kewaye da kan, sannan ka huda a hankali da bakin diril daidai kaurin ribit. Galibinsu milimita 3.2 ne, ko 4, ko 4.8. Kan na ɓallewa ka ɗaga hannu, sauran ka ture shi. Idan ribit ya fara juyawa tare da bakin, tsaya nan take, ka sa wani ya riƙe bayansa da filaya. Wannan juyawar ce ke narka ramin ya yi faɗi.

A nan aka taɓa cuta ta. Na sayi jerin bakuna masu ruwan zinare a wani shago, mai shagon yana rantsuwa na kobalt ne, wato irin bakin da ke huda ƙarfe mai tauri. Ashe fenti ne a kan ƙarfen banza. Bakin bai ci ba, sai gogar ribit yake yi, ni kuma ina ƙara dannawa, har ramin bambar wani bawan Allah ya koma kamar bakin kwalba. Daga aljihuna na biya.

Tun ranar nake shiga kasuwa da magagari. Goga shi a tsinin bakin, wajen da ke hudawa: na kirki zamewa yake yi, na jabu kuwa sai ka ga ya ci. Kuma kada a ruɗe ka da kobalt, ribit na alminiyam bakin yau da kullum, wanda ake kira HSS, ya ishe shi. Kobalt sai ga ribit na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Batir ma haka. Na bolt 18 mai 5Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne) yawanci ƙwayoyi 10 ne a cikinsa, mai 2Ah kuma 5, don haka idan ka ɗaga biyun nauyinsu ɗaya, rubutun ƙarya ne. Manyan sunaye irin su Bosch da Makita su aka fi kwaikwaya. Ka sa a kunna maka diril ɗin a gabanka, ka danna kaɗan ka ga ko zai juya sannu, ka karɓi rasit.

Ribit na roba, irin baƙaƙen nan na ƙarƙashin bamba, ba ya buƙatar diril sam. Ɗan cokalin roba mai baki biyu ake sa wa a ɗaga tsinken tsakiya, sai ya fito. Sukundireba ma na yi, amma tana barin tabo.