Mai tsaron baya: wasa a ƙaramin lig ko zaman benci a babbar ƙungiya?

Matasa masu tsaron baya sun sha yi mini wannan tambayar.

Wajen kuɗi babbar ƙungiya ce gaba, ga likitoci, ga fili mai kyau. Sai dai mai tsaron baya a cikin fili yake gogewa. A League One, lig mai mataki na uku a Ingila, wasa 46 kowace ƙungiya ke bugawa a kaka, nan yaro ke shan gwiwar hannu wajen ƙwallon sama har ya iya tsayuwa. Can Harry Maguire, mai tsaron baya ɗan Ingila, ya taso a ƙungiyar Sheffield United. Abin da ke damuna game da ƙaramin lig shi ne rauni, ga kwantiragi gajere.

Ɗan shekara 19 mai neman gogewa, ƙaramin lig ya fi masa. Wanda ya haura 30 da iyali a wuyansa, albashin benci zai fi rufa masa asiri.